Ruwan da ke Cikin Wutar Inna

Ni dai da farko dariya na yi, ba zan ɓoye ba. Ƙanin maigidana ya dawo daga makarantar aikin gona da ya yi a kudu, ya zauna a tsakar gidanmu na Turu, can bakin garin Paraku, ya ce wai zai fitar mini da wuta daga kashin shanu. Na ce masa, "Mushe, in yunwa ce ke damunka ga tuwo nan, ci ka kwanta." Mushe nake ce masa don tsokana, yadda ake kiran malaman lakkwal, wato makarantar boko. Shi kuma matar yaya yake ce mini, in ya so ba ni haushi ya ce kamarad, don zamanin ne da gwamnati ta ce kowa kamarad ne, har mai tallar gawayi.

Maigidana mahauci ne, yana kuma sayen shanu a hannun Fulani ya ɗaure su a bayan gida kafin ranar yanka. Kashin shanu da dattin tumbi kam, inda za mu zubar da su muke nema. Sai ya ce wa ƙanin nasa ya yi abin da zai yi, in dai ba zai ƙona mana gida ba. Mushe ya kawo magina, suka haƙa rami mai faɗi, suka gina shi da bulo da siminti, suka rufe samansa kamar an kifa ƙwarya. Ta wani baki ake zuba kashi da aka dama da ruwa, ya ruɓe a ciki, gaz ya taru a sama, tiyo ya ɗauko shi zuwa wani risho da aka ajiye mini a madafa. Na ga ana ta wahala, ina wucewa ina tafa hannu ina cewa, "Sannunku da aikin lada."

Ranar da ya kira ni ya buɗe makunnin ya ƙyasta ashana, wallahi sai da na ja da baya. Wuta ta tashi shuɗiya, a tsaye, ba hayaƙi ko na ɗigo. Na ce, "La ilaha illallahu! Mushe, ashe kai maye ne?" Na sa tukunya, ruwa ya tafasa tun kafin in gama tsince shinkafa. Na ɗaga tukunyar na duba gindinta, fes, ba baƙi. Na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo a guje suna zaton haihuwa aka yi. Matan Turu suka yi ta zuwa kallo, wasu daga unguwar Titiru ma, kowacce sai ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin rishon tana neman inda na ɓoye kalanzir. Ni kuwa ina tsaye ina ta bayani kamar ni na ƙirƙiro abin. Amma tun daga wannan rana hankalina ya tafi Jugu, wurin Inna.

Ni 'yar Jugu ce, aure ne ya kawo ni Paraku. Gidanmu gidan fataken goro ne tun kaka da kakanni, har lokacin kuma Baba da Yayana suna kan sana'ar, baƙi ba sa yankewa a zaurenmu. Inna kuwa masa take toyawa. Tun kafin a haife ni take zama a gaban tanda kowace safiya bayan sallar asuba, baƙin Baba su karya da ita, 'yan unguwa su aiko yara da kwano. Ba don kuɗin take yi ba, Baba bai rage ta da komai ba. A gaban tandar nan take jin labarin gari, a nan take sulhunta masu faɗa, a nan take yi wa kowa faɗa, har liman in ya makara. Duk wanda ya san Inna, a kan kujerar nan ya san ta.

To hayaƙin itace ya ci mata ido. Kullum jawur, kullum suna zubar da ruwa, tana sharewa da gefen mayafi tana cewa mura ce. Da aka matsa mata aka kai ta asibiti, likita ya ce in tana son abin da ya rage na ganinta, ita da hayaƙi har abada. Baba ya dawo gida ya yanke hukunci, ya ce ta sauke tanda ta bar wa matar Yaya. Baba ba ya magana biyu. Inna ta ce masa, "Malam, ranar da na bar tandar nan, ka aika a fara haƙa mini kabari." Na je na same ta ta rame, tana zaune a ƙofar ɗaki tana jin matar Yaya na juya masa, bakinta na motsi, tana son ta ce an bar ta ta ƙone amma ta haɗiye. Na tausaya mata ƙwarai, na kuma ji haushin kowa a gidan.

Shi ya sa da wutata ta kama, ban tsaya shawara da kowa ba sai maigidana. Na ɗauki Mushe kamar kayan guzuri na sa shi a mota muka nufi Jugu. Tun daga zaure na fara magana ban ko gaisa da kyau ba. "Baba, an samu! Wutar da ba ta hayaƙi! Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki!" Baba ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke dai ba ki canja ba. Zauna ki sha ruwa."

Da ya ji daga inda wutar take fitowa, sai ya yamutse fuska. Abincin da baƙinsa za su ci, a dafa shi da iskar kashi? Aka aika wa liman, ya zo ya saurara, ya ce dabbar da ake cin namanta kashinta ba najasa ba ne, balle iskar da ta fita daga cikinsa. Baba ya ce ya yarda, amma da sharaɗi biyu. Na farko, tiyon ba zai ratsa tsakar gida ba, don nan baƙi ke shimfiɗa buzu su yi salla, kuma fatawar liman daban, abin da zuciyarsa za ta ɗauka daban. Na biyu, in wutar ta tsaya Inna ta koma kan tandarta, in kuwa ba ta tsaya ba, kada wanda ya sake tayar masa da zancen. Na ce, "Ta tsaya ta gama, Baba."

Kashi ba matsala ba ne, don akwai bijiman da Baba ke turkewa a bayan gida, ga kuma Fulanin da ke kwana da shanunsu a filinmu daren kasuwa. A can aka haƙa ramin. Madafa kuwa tana ɗaya gefen gidan. Tun da an hana tsakar gida, hanya ɗaya ta rage wa tiyo, ya huda bango ya bi ta ɗakin goro, ya fita ta ɗaya bangon ya shiga madafa. Mushe ya auna ya ce hakan ma ya fi kusa. Ya shimfiɗa shi a gindin bango, bayan huhunan goro, muka fito muna murna.

Muka jira kashi ya ruɓe. Na koma Paraku na dawo, na kasa zaune na kasa tsaye. Damina ta sauka sosai lokacin. Da Mushe ya ce rami ya cika, da asuba na kama hannun Inna na zaunar da ita a kan kujerarta, aka ɗora tandar ƙasa a kan rishon, ya ƙyasta ashana. Wuta ta kama! Sai dai ba irin tawa ba. Wannan tana ɗan tari, fut, fut, tana tsalle tana walƙiya ja-ja. Mushe ya ce sabunta ce, za ta daidaita. Inna ba ta ma saurare shi ba. Ta shafa man kaɗanya, ta zuba ƙullu, ta juya, ta kwashe, ta ɗaga murya ta ce wa yaron maƙwabta ya gaya wa uwarsa ta dawo da ludayin da ta ara tun bara. Na ce alhamdu lillahi, Inna ta dawo. Ranar har rawa na taka a madafa, matar Yaya tana buga mini ƙwarya.

Amma tarin bai daina ba, ƙaruwa ya yi. Kwana kaɗan wuta ta fara mutuwa ana tsakiyar suya. A sake kunnawa, ta yi fut-fut ta sake mutuwa. Masa ta sha mai ta yi nauyi, rabi ɗanye rabi ƙonanne, yara suna tsaye da kwanoni suna kallon juna. Wata safiya ta mutu ta ƙi tashi gaba ɗaya, alhali ga rami cike da gaz. Baba ya leƙo daga ƙofa, ya juya. Juyawar nan ta fi mini zagi ciwo. Da rana na ga Inna ta lallaɓa bayan ɗaki tana tara ƙiraren itace a ƙarƙashin wani tsohon kwando. Na ce, "Inna, mene ne wannan?" Ta ce, "Ido nawa ne ko naki?"

Nan fa kowa ya zama malami. Wani ya ce shanun Jugu ba su da ƙarfin kashi irin na Paraku. Wata tsohuwa ta ce an haƙa ramin a kan hanyar mutanen ɓoye, a yanka baƙin zakara. Yaya ya ce shi tun farko ya san abin da aka dama da ruwa ba zai haifi wuta ba. Ni kuwa Mushe na tasa a gaba. "Kai ka ce mini ka yi karatu! A gidan surukan yayanka za ka kunyata ni? In wutar nan ba ta tashi ba, kai zan sa a ƙarƙashin tandar." Bawan Allah ya dama sabulu ya shafe duk mahaɗar tiyo yana neman inda ke yoyo, bai samu ba. Ya kwance rishon ya busa ya mayar. Ya rage ruwan dama kashin, ya ƙara, duk a banza. Yana ta gunaguni da Faransanci, ina ce masa ya zage ta da Hausa ko ta ji.

Baba ya ba mu zuwa ranar kasuwa mai zuwa. Ya ce ba zai zuba ido matarsa ta makance saboda wasan yara ba, ya ga itacen da take ɓoyewa. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya ƙara ƙona mini rai.

Ana haka sai aka yi baƙi, Baba ya aike ni ɗakin goro in ɗebo musu. Wanda bai taɓa shiga ɗakin goro ba bai san sanyi ba. Ba taga, bango mai kauri, ƙasa kullum a jiƙe, huhuna a jere an lulluɓe su da ganye da jiƙaƙƙun buhuna, safe da yamma ana yayyafa musu ruwa don kada goro ya bushe. Na sunkuya ina kwance huhu, sai na ji wani abu a bayana yana ƙul, ƙul, kamar cikin mai gudawa. Na ce a'uzu billahi, kwaɗo ne ko maciji? Na ɗaga buhun da ke gindin bango a hankali. Tiyonmu ne! An lulluɓe shi tun daga wannan bango har wancan da jiƙaƙƙun buhuna, an gyara masa shimfiɗa kamar jariri. Na taɓa shi, sanyi ƙalau. Na ɗaga tsakiyarsa inda ya lotsa cikin wani kwari a ƙasa, na ji nauyi, na ji ruwa ya gangara a ciki.

Na fito da gudu, goron baƙi ma a can na bar shi. "Mushe! Mushe! Zo ka ji wutarka tana kurkurar baki!"

Ya zo ya ɗaga, ya girgiza, ya dafe kai. Ya cire tiyon daga mahaɗa ya karkata shi a kan kwano, ruwa ya zubo shar, mai ɗan wari. Na ce to, ruwa ba ya tsami banza, wa ya zuba mana ruwa a tiyo? Yaya da ya biyo mu ya ce shi dai bai zuba komai ba, rufewa kawai ya yi. Ya ga roba ce, ya ji tsoron kada ta bushe ta tsage, kuma shi a saninsa duk abin da ya shiga ɗakin nan ana son ya daɗe, rufe shi ake yi a yayyafa masa ruwa. Kullum in ya shayar da goro sai ya shayar da tiyo. Na dube shi, ga haushi ga dariya, na ce, "Yaya, Allah ya saka maka da alheri, ka yi wa tiyo hidimar da ba ka taɓa yi wa matarka ba."

Na zaci ruwan yayyafin ne ya shiga ta wani rami. Mushe ya ce a'a, tiyon lafiyarsa lau, ruwan daga cikin gaz ɗin ya fito. Na ce iska ce za ta haifi ruwa? Ya ce in tuna murfin tukunya, in na ɗaga shi me nake gani a jikinsa? Ramin nan ɗumi gare shi, kuma rabinsa ruwa ne, gaz yana fitowa ne ya sha ya ƙoshi. Muddin yana da ɗumi zai riƙe ruwansa, da ya haɗu da sanyi sai ya sake shi. A gidana na Turu tiyon a rana yake, kuma ya gangara ne zuwa ramin, duk abin da ya ɗiga komawa yake yi inda ya fito, shi ya sa ban taɓa sani ba. A nan kuwa mun kawo gaz mai ɗumi mun kwantar da shi a wuri mafi sanyi a duk Jugu, Yaya kuma yana ƙara masa fanka. Ya ce ko gaz ɗin da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa a ƙasashen man fetur, haka yake fitowa da ruwa, sai an ƙiyasta yawansa an cire shi kafin a tura shi a bututu, in ba haka ba ya toshe hanya ya cinye ƙarfe. An koya musu lissafin a makaranta, bai taɓa zaton a ɗakin goro zai yi amfani da shi ba.

Na ce to a fitar da tiyon daga nan mana. Ya ce shi ma abin da ya fara zuwa masa ke nan, amma a bi da shi ta ina? Kuma ko an samu hanya, da sanyin asuba na damina ruwan zai sauka ne a wani wurin da ba mu sani ba. Ya tsaya yana kallon buhunan, sai na ga idonsa ya kawo haske. Ya ce, "Matar yaya, a bar shi nan. Yaya ya ci gaba da yayyafi, ya ma ƙara. Tun da nan yake son ya sauke ruwansa, mu sa shi ya sauke duka, mu tara masa kwalba." Wai a yanka tiyon a daidai inda ya fi lotsawa, a sa ƙarfe mai baki uku, biyu na hanya, ɗaya ya dubi ƙasa ya shiga kwalbar da aka toshe bakinta, a binne ta a rami. Gaz ya wuce, ruwa ya faɗa. Na buga tsalle na ce, "Kai Mushe, ashe kuɗin lakkwal bai tafi a banza ba!"

Saura a san yawan ruwan, don a san girman kwalba da lokacin zubarwa, kada ta cika a koma gidan jiya. Ya aro ma'aunin zafi a wurin wani ma'aikacin asibiti, ya zura shi a bakin rami, ya dawo ya kwantar da shi a ƙarƙashin buhu, ya tambayi Inna tsawon lokacin da take ɗauka tana suya. Ya zauna a ƙasa yana zane da tsinke, yana cewa abin da gaz ke ɗauka a wancan zafin, a cire abin da zai iya riƙewa a wannan sanyin, saura shi ne namu. Can ya ɗago ya ce, "Cokali biyu ko uku duk safiya." Na ce, "Cokali? Duk wannan bala'in cokali ne? Ƙarya kake, ni na ga abin da ya zubo a kwano, ba zai kasa finjalin shayi ba." Ya ce na kwanaki ne ya taru, kuma tiyo siriri ne, kaɗan ya ishe shi ya shaƙe. Muka sa goro a tsakani, babba fari, Inna ce mai riƙo. Labari ya fita, matan unguwa suka rabu biyu, wasu suna bayana wasu suna bayan Mushe, har da waɗanda ba su san abin da ake gardama a kai ba.

Ƙarfen mai baki uku ne babu a Jugu, mun zaga ba mu samu daidai tiyonmu ba. Na ce ni zan je. Na hau kamyon, wato babbar motar doya, da sassafe, a saman kaya, ruwa na dukanmu, ina riƙe da guntun tiyo a cikin zani kamar wadda ta ɗauko zinariya. Duk wanda ya tambaye ni sai na ba shi labari tun daga farko, kafin mu isa Paraku har yaron mota ya san cewa gaz yana gumi. Ban biya gida ba, unguwar Albarika na wuce kai tsaye wurin wani mai walda da ke yi wa maigidana ƙugiyoyin rataye nama. Na zana masa abin a ƙasa, na tsaya a kansa ina ce masa nan ya yi faɗi, nan ya karkace, har ya ce, "Hajiya, karɓi wutar ki yi da kanki." Ban je Makka ba lokacin, amma na karɓi sunan. Na leƙa gida na ga yara, maigidana ya ce ko ruwa ba zan sha ba? Na ce in na dawo. Washegari ina Jugu.

Baba da kansa ya zo ya tsaya ana haɗawa, don tsoronsa kada wari ya kama masa goro, goro kuwa ba ya yafe wari. Mushe ya ɗaure kowace mahaɗa da robar taya, ya shafa sabulu, ba kumfa. Baba ya durƙusa da girmansa ya sansana, ya tashi ya karkaɗe gwiwa ya koma zaure. A wurin Baba wannan yabo ne. Aka kunna rishon da yamma aka bar shi yana ci gwargwadon suyar safiya ɗaya, don gwaji, muka ɗora ruwan wanka a kai kada a yi asara. Da aka kashe muka tono kwalbar muka juye a cokali, mata sun cika ƙofar ɗaki suna leƙe. Ya ɗan haura abin da Mushe ya faɗa, amma ko kusa da finjalina bai kai ba. Ya ce yayyafin Yaya ne ya ƙara sanyin. Na ce ai tun da ya haura, ban faɗi ba. Inna ta fasa goron ta ba shi babban ɓari, ta ba ni ƙarami, ta ce in rage baki. Ya lissafa ya ce kwalbar za ta kai daga Juma'a zuwa Juma'a da sauran wuri, Yaya ya ce shi zai riƙa zubarwa.

Ranar kasuwa tun kafin a idar da salla na tashi. Inna ta riga ni, tana kan kujerarta, ƙullu ya tashi, mai a gefe. Baba ya dawo daga masallaci ya tsaya a bakin ƙofar madafa da carbinsa, matar Yaya a bayansa. Mushe ya ce shi ɗakin goro zai tsaya ya ga yadda ruwa ke sauka. Ni na buɗe makunnin, ni na ƙyasta ashana.

Wayyo, wuta! Shuɗiya, siririya, a tsaye cak, ba tari ba tsalle, ko motsi ba ta yi. Ta ma fi tawa kyau. Matar Yaya ta rufe baki da hannu. Na juya na dubi Baba, na ga ya gyaɗa kai. Daɗi ya cika ni har na ji hawaye, na buɗe baki zan rangaɗa guɗa.

Sai Inna ta ce, "To kunna mana, me kike jira?"

Fuskarta na kan rishon sosai, ba ta fi taku ɗaya da shi ba. Na fasa guɗar. Na dubi wutar, na dubi idonta, suna buɗe, suna kallon daidai wurin. Ashe ba ta ganin wutar, duk kwanakin nan da kunne take suya. Ban san tun yaushe ba, kuma ba wanda ya sani a gidan.

Na ce da ƙarfi, yadda na ƙofa za su ji, "Kai Inna, ba kya rabuwa da tsokana." Na ɗauki tandar na ɗora, na kama hannunta kamar zan miƙa mata ludayi, na ratsa da shi ta samanta. Ta ji zafin. Ta lalubi man ta shafa, ta jira har ya yi ƙara, ta zuba ƙullu rami bayan rami ba ta zubar da ko ɗigo ba. Ƙamshi ya tashi. Ta juya ta farko, ja, ta yi kyau. Baba ya ce, "To, madalla. Ta tsaya." Ya juya ya nufi zaure, matar Yaya ta tafi ɗauko kwanonin baƙi.

Muka rage mu biyu. Na durƙusa kusa da ita. Ba ta juyo ba, tana ta kwashe masa tana jerawa a faifai. Can ta yi ƙasa da murya ta ce, "Kin yi ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka. Amma je ki gaya wa yaron nan ya bar mini ɗan ruwa a ciki, kaɗan, yadda zan riƙa jin wutar."

Na tashi na nufi ɗakin goro. Mushe yana tsugune a gaban kwalbarsa, ya ɗago yana washe baki ya ce, "Kamarad, yaya? Ko ɗigo bai wuce ba!" Na jawo ƙofar na rufe, na ce masa ya sake ɗauko tsinkensa, akwai wani lissafin.